Yadda Ake Haɗa Ruwan Khal Mai Ganye a Gida Ba Tare da An Sha Bulala Ba

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, to ya sa a ransa ya gama samun ruwan khal mai tsami, mai ƙamshin na'a-na'a, wanda na kwalba da alhazai ke tsarabarsa ba zai nuna masa komai ba. Alkawari ne wannan. An gwada hanyar a nan cikin birnin Daura, a gaban shaidu, har da waɗanda ba su so zama shaidu ba. Wanda ya gwada ta shi ne Malam Ja'afaru, ladanin masallacin unguwarsu, a bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Yana nan da ransa, gadon bayansa kuma sumul, ko tabon bulala ɗaya babu. Da shi za a yi ta kawo maka misali.

In ba ka san khal ba, wani ruwan tsami ne da ake samu in an jiƙa dabino ko wani abu mai zaƙi aka bar shi ya daɗe. Malamai sun ce halal ne, har ma abin yabo. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne hanyar da yake bi kafin ya iso halal ɗin.

Mataki na ɗaya: Samo dalili

Kada ka fara babu dalili, domin ranar da za a tambaye ka tana nan tafe.

Dalilin Malam Ja'afaru murya ce. Shekara ashirin da uku yana kiran salla. A da in ya ɗaga murya har makiyaya a bayan gari sukan nemi ruwan alwala. Sannu a hankali ta dushe, ta koma kamar ana jan buhun gero a kan daɓe. Kafin ya fara kira sai ya ƙwanƙwasa bakin lasifika sau uku, ya yi tari, sannan ragowar muryar ta fito.

Ga kuma Misbahu. Da can dillalin babura ne, yana kai su ƙetaren iyaka ta Kongolam, ya yi wata uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Da Shari'a ta zo, dattawan unguwa suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya na mutum bakwai, sai ga Misbahu ya dawo gida ya zama magatakarda. Gemunsa da kwamitin sa'annin juna ne, a wata ɗaya aka haife su. Allah kuma ya ba shi murya garau. Kullum in an idar da salla sai ya durƙusa ya ce, "Baba Ladan, Allah ya saka da alheri. Amma fa jiki yana da haƙƙinsa." Yana faɗa, idonsa na kan makullin akwatin lasifika da ke rataye a wuyan tsohon.

Makullin nan kuwa shi ne duk abin da Malam Ja'afaru ya mallaka. Ba gonar kirki, ba shago. In an ce Ladan, an gama faɗin sunansa da sana'arsa. Saboda haka ranar da wani mutumin Agadas mai sayar da dabino ya ce masa cokali ɗaya na khal yana yashe maƙogwaro kamar yadda ake yashe rijiya, bai bar wurin ba sai da ya haddace yadda ake yi. Rabin bayanin dai ya haddace, don mutumin, da Hausarsa ta ƙare, sai ya ƙarasa da hannu.

Mataki na biyu: Tara kaya

Dabino mudu biyu, a cire ƙwallon. Ruwa mai kyau. Tulu. Ƙyalle mai shara-shara na rufe baki, domin khal yana numfashi, in ka toshe shi da murfi sai ya yi fushi.

Tulun kada ka sayo sabo. Ɗauki na matarka. Malam Ja'afaru na matarsa Maiturare ya ɗauka, wanda take sanyaya ruwa a ciki, ya kuma haɗa da tsohon mayafinta.

"Malam, me za a yi da tuluna?"

"Ilimi za a yi."

"Wancan karon ma da ka dasa tuffa a bayan banɗaki ilimi ka ce."

"Ƙasar ce ba ta karɓa ba."

"To Allah ya sa wannan tulun ya karɓa."

Mace in ta yi maka addu'a da irin wannan murya, ka ce amin da sauri ka wuce.

Mataki na uku: Ajiye, saurara, kada ka bari a taimake ka

Zuba dabinon, cika da ruwa, ɗaure ƙyallen, kai shi lungu mai ɗumi. Zafin bazara shi ne itacen wannan girki.

A kwana na uku ka kara kunnenka a cikin tulun. Za ka ji ana magana ƙasa-ƙasa, kamar mata a gidan gaisuwa. Masu boko sun ce wasu halittu ne da ido ba ya gani ke cin zaƙin. Wataƙila haka ne. Amma babu wanda ya bayyana daga ina ƙananan ƙudajen nan masu jan ido suke zuwa, waɗanda ba a taɓa ganinsu a gidan ba sai ranar, su zauna a kan ƙyalle sahu-sahu kamar an aika musu goron gayyata. Malam Ja'afaru yakan yi sa'a guda a tsugunne yana kallonsu, yana tunanin wanda ya kai musu labari.

A kwana na shida wari zai tashi. A nan ne matarka za ta so ta taimaka. Hana ta. Maiturare ba a banza ake kiranta haka ba, haɗa turaren wuta ce sana'arta. Da ta ji warin ya tsallaka katanga sai ta jera kasko uku a tsakar gida, da rana tsaka. Maƙwabtan da ba su lura da wari ba suka lura da turare. Gidan da ba biki, ba suna, ba baƙo, amma hayaƙin ƙamshi na tashi tun hantsi, ko yaro ya san akwai abin da ake binnewa.

Mataki na huɗu: Kada ka ɗanɗana a kwana na goma

Wannan shi ne rabin da mutumin Agadas ya faɗa da hannu.

Khal matafiyi ne. Daga garin zaƙi yake tasowa, garin tsami ya nufa, kuma hanyar guda ce tak. A tsakiyarta akwai wani zango da dole ya yada, ya yi kwanaki. Sunan zangon giya. Ba laifinsa ba ne, haka aka shata hanyar. Naka shi ne kada ka je gaishe shi a masauki.

Malam Ja'afaru tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin giya ba, balle ya san warinta. A kwana na goma, bayan azahar, ya ɗaga mayafin, ya yi bisimilla, ya kurɓi ludayi guda. Ya ji zaƙi-zaƙi, da ɗan yaji a kan harshe. Ya ce lallai magani ya fara kamawa. Ya ƙara biyu, don a yi witiri.

Daga nan ya fita majalisa, gindin bedin ƙofar gidan Mai unguwa Mainasara. Kafin ya kula mutane sai ya tsaya gaban ragon mai unguwa da ke ɗaure, ya rusuna.

"Barka da hutawa. Ina gajiya? Yaya iyali?"

Ya kuma tsaya jiran amsa. Da ya juyo ya ga mai unguwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina so in gaya maka. Kai da shi kuna kama ta wajen haɓa."

Shi kuwa ya miƙe a kan tabarma, ya ce ganyen bedin nan yau kowanne da nasa hasken, ya yi murmushi, barci ya kwashe shi. La'asar ta yi, karo na farko cikin shekara ashirin da uku ba a ji ƙwanƙwasa lasifika ba. Misbahu ya sunkuya zai zare makullin daga wuyansa, numfashin tsohon ya bugi hancinsa. Waɗanda ke wurin sun ce fuskarsa ta washe kamar wanda ya yi kiciɓis da tsohon aboki a tasha, sannan ya yi maza ya haɗe rai ya ce, "A'uzubillahi!"

Mataki na biyar: Bari a kama tulun

Kada ka yi gardama. Kada ka ɓoye shi, kada ka zubar. Yawancin masu haɗa khal a nan suke yin asara.

Washegari mutum bakwai suka yi sallama, suka fito da tulun a tsakiyarsu kamar an ɗauko amarya. Maiturare daga bayan ƙofa take cewa, "A bi min shi a hankali, na gado ne! In ya fashe ku ma sai kun zo gaban kwamiti."

Mataki na shida: Nemi a kawo shaidu

Aka zauna a zauren mai unguwa. Aka kira Liman Yahya, wani ɗan siririn tsoho da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa ake yi.

"Malam Ja'afaru, ka sha giya?"

"Allah gafarta Malam, maganin murya na sha."

"To bai amsa laifi ba," in ji Liman. "Kafin a ɗauki magana irin wannan zuwa gaban alƙali, bulala tamanin fa ake magana, sai adalai biyu sun shaida cewa abin da ke cikin tulun nan giya ce. Sharaɗi ɗaya ne: su kasance sun san warinta. Bisimilla, a matso."

Babu wanda ya matsa. Da ƙyar mahaucin cikin 'yan kwamitin ya leƙa, ya shaƙa, ya ce shi mura yake fama da ita tun shekaranjiya. Tela ya ce shi dai kamar kunun da ya kwana. Mai gyaran rediyo ya daɗe da kansa a bakin tulun, ya ɗago idanunsa sun yi rau-rau, ya ce wallahi bai taɓa jin irin wannan wari ba, bai ma san da me zai kwatanta shi ba. Aka zo kan magatakarda.

"Ni dai, Allah gafarta Malam, zato nake yi."

"Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Ka san warinta?"

Misbahu ya shafa gemu. Gemun bai kai tsawon da zai ɓoye mutum ba.

"A ina zan sani?"

Ka ga hikimar matakin. A shekarun nan, unguwa guda za ta iya jin wari har ta kasa cin tuwo, amma ba za ka sami mutum biyu da za su faɗi sunansa ba.

Aka yanke cewa a ajiye tulun har a samo shaidu. Liman ya ce a mayar da mayafin yadda aka same shi, kayan shaida ba a sauya masa kama. Aka kai shi ɗakin ajiyar mai unguwa, mai rufin kwano, ga duhu ga zafi, aka kulle. Makullin lasifika kuwa aka ce Misbahu ya riƙe, riƙon ƙwarya.

Mataki na bakwai: Bar kwamiti ya yi aikinsa

Khal yana bukatar kwana arba'in ko fiye ba a taɓa shi ba. Babu ɗan Adam mai irin wannan haƙuri. Kwamiti ne kaɗai ke da shi.

Zama na farko ya faɗo ranar suna a gidan tela. Na biyu, mai unguwa ya tafi Dutsi ta'aziyya. Na uku aka taru, aka ga ba a rubuta abin da aka tattauna a zaman da ba a yi ba, aka ɗage. Aka aika wa wani tsohon direba da aka ce ya tuba, ko zai zo ya shaƙa saboda Allah. Ya aiko cewa shi tubansa ya haɗa har da hanci. Sai kuma ruwan farko ya sauka, kowa ya tafi shuka.

Wannan mataki a takarda yana da sauƙi. Malam Ja'afaru sau biyar a rana yana zaune a gida yana jin wani na kira da lasifikarsa, babu ƙwanƙwasawa, babu tari, murya tas kamar ta rediyo. Hannunsa yakan kai wuya da kansa, ya tarar da igiya babu komai. A masallaci ya koma sahun baya, kusa da takalma. Masu ce masa Ladan suka koma cewa Malam, wasu ma suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ya rame. Maiturare ta daina yi masa gori, abin da ya fi gorin tayar masa da hankali. Duk da haka in ya wuce ta bayan ɗakin ajiyar yakan rage tafiya, ya kasa kunne, ko zai ji halittun tulun suna magana a ciki.

Mataki na takwas: Ranar buɗewa, kame bakinka

Kwana arba'in da shida aka sake zama. Aka kwance mayafin. Wani tsami ya daki zauren har mahauci ya warke daga mura. A saman ruwan ga wata fata fara-fara, mai santsi, tana lilo kamar hantar da ba ta da jini.

"Innalillahi! Ya haihu!" in ji tela, ya ja da baya.

Kada ka ji tsoronta. Ita ake kira uwar khal, ko da yake bayan ɗan take zuwa, abin da har yau ba a sami mai bayaninsa ba. In ka ɗaga ta a rana kana iya hango yatsunka ta cikinta.

Liman Yahya ya tsoma ɗan yatsa, ya lasa. Fuskarsa ta tattare wuri guda kamar bakin jaka, ta ɗauki lokaci kafin ta warware.

"Khal ne. Abin da ya juya da kansa ya tsarkaka. A ba mutum tulunsa, a ba shi makullinsa."

A nan ne za ka yi shiru. Malam Ja'afaru ya yi shiru. Misbahu ne ya kasa.

"Allah gafarta Malam, yanzu ne ya juya! Wallahi ranar da muka ɗauko ta giya ce! Ta dabino ma, mai hawa kai a hankali, ba irin ta dawa mai cika ciki ba. Kwananta sha ɗaya a lokacin, daidai ganiyarta ke nan, in ta ƙara uku sai ta fara..."

Ya tsaya. Mutum shida suna kallon tabarma. Mai unguwa yana kallonsa shi.

"Ƙarasa mana," in ji Mai unguwa Mainasara. "Mu babura muka san kana kaiwa ƙetare. Ashe har karatu kake yi."

"Shaida ɗaya ke nan," in ji Liman, ko gezau. "Akwai na biyu?"

Daga waje ragon mai unguwa ya yi kuka. Ba a karɓi tasa ba.

Misbahu ya ajiye makullin a kan buzun Liman. Kafin sati ya zagayo an ji ya koma Mashi wajen kawunsa, kwamiti kuma ya shiga neman magatakarda, neman da bai ƙare ba. Baki shi ke yanka wuya.

Mataki na tara: Sa ganye

Sai yanzu. Tace ruwan, zuba a kwalba wankakkiya. Jefa na'a-na'a, ɗoɗɗoya, citta, kanumfari bakwai, tafarnuwa uku. Ganyen ya zama an wanke shi ya tsane sarai, in da lema zai yi funfuna. Kada ka rufe da murfin ƙarfe, khal yana cinsa. Ajiye sati biyu, kana girgizawa kullum.

Gaskiya wannan matakin Maiturare ce ta yi shi duka, Malam Ja'afaru girgizawa kawai ya yi. Amma in an tambaye ka, kai ka haɗa.

Mataki na goma: Sha

Cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi, da ɗan zuma. Haka mutumin Agadas ya ce, wannan karon da baki ya faɗa.

Sai dai Malam Ja'afaru ya yi lissafi irin na masu ilimi. In cokali guda yana yashe maƙogwaro, me kofi zai yi? Kuma tsarma magani da ruwa ai raina shi ne. Ana gab da magariba ya cika kofin silba, tsantsa, ya yi bisimilla ya shanye.

Maiturare ta ce ta ga kunnuwansa sun motsa. Hawaye suka zubo. Ya buɗe baki zai ce alhamdulillahi, iska kawai ta fito. Muryar da ke jan buhun gero, yanzu ko buhun babu.

Duk da haka ya tafi. Ya buɗe akwatin, ya ƙwanƙwasa bakin lasifika sau uku, ya yi tari, ya yi kiran cikin raɗa, raɗar da shi kansa da ƙyar yake jin ta. Ya juyo a sanyaye, yana jiran ya ga masallaci wayam. Sai ya ga mutane na shigowa kamar kullum, mahauci, tela, mai gyaran rediyo, kowa na yarfe ruwan alwala. "Sannu Ladan." "Ladan, barka da yamma." Ko mutum ɗaya bai tambaye shi abin da ya sami muryarsa ba.

Da ya koma gida ya nuna wa Maiturare wuyansa, ya yi mata bayani da hannu, irin na mutumin Agadas.

"Ayya, Malam," ta ce, tana goge butar ƙarfe da sauran khal ɗin, butar na ƙyalli. "Ai mu a cikin gida, yau shekara biyar ke nan, ƙwanƙwasawar muke ji mu tashi. Da ka tambaye ni, da tuluna bai yi zaman kaso ba."

Bayan kwana tara muryar ta dawo, daidai yadda take a da, ba ƙari ba ragi. Makullin yana wuyansa har gobe.

A kula

An cika alkawari: an ce za ka sami khal, ba a ce za ka sami murya ba. In ka bi matakan nan tulunka ya fashe, ko matarka ta yi yaji, ko ka gaida abin da ba ya amsawa, kai ka jiyo. In unguwarku ba ta da kwamiti, khal ɗinka ba zai nuna ba, kada ka zo nan da ƙorafi. In kuma ka yi rashin sa'a a cikin kwamitinku akwai mutum biyu masu faɗin gaskiya, to mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganin dabino ba, kuma mura yake fama da ita tun shekaranjiya.